Sarkin da Aka Ƙi Kashewa a Zaurenmu

Dakoro, jajibirin tafiyarki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ki, ke da kika san kanki. Ba zan rubuta sunanki ba. Kin san bakina ba ya faɗinsa, alƙalamina kuwa bai fi bakina ƙarfin hali ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Yamai lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, da direba mai gyangyaɗi, da abincin tasha. Amin.

Na ba gwaggonki Mariya takardar nan ta miƙa miki, na kuma rantsar da ita kada ta buɗe. Na san ba ta karatun boko, amma na san tana da masu karanta mata. Kada ki yi mamakin uban da ke gida ɗaya da ɗiyarsa yana aiko mata wasiƙa. Ke ce ta fari. Tun da aka haife ki, in kin shigo ta ƙofa sai in tuna ina da aiki a wajen tumaki. Haka na ga ubana ya yi wa yayana, haka na yi miki, ban ƙara ba ban rage ba. Amma gobe za ki tafi karatun jami'a, kuma na ji musenku, malamin nan naku na makarantar lise, ya riga ya aika da sunanki gasar eshek, darar nan ta Nasara, da za a yi can. Akwai magana a cikina, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Maganar guda ce. Ba na tsoron a fi ki iya wasa, wanda ya fi ki ya kayar da ke, halal ɗinsa. Tsorona shi ne ki zauna gaban wani mai furfura, ki kama shi a hannu, sannan kunya ta sa ki sake shi. Na san za ki iya, don jinina ne a jikinki. Bari in jera miki wautata, in ya so ki zaɓi wadda ba za ki gada ba.

Ina saurayi aka tura ni Kornaka aikin allurar dabbobi, lokacin ko uwarki ban sani ba. A ƙasan akwatin magani na buro, wato ofishinmu, na tarar da wani littafi da allon wasan eshek, wani likitan dabbobi Nasara ya tafi ya bari. Gara ta ci bangon littafin, ta ci rabin bayanin, ta bar min dokokin tafiya da wasannin da manyan gwanaye suka buga a gasa, an rubuta su taki bayan taki. Kayan ma ba su cika ba, dawakan farare sun ɓata. Na kai wa wani maƙeri Buzu ya sassaƙa min, ya dawo min da raƙuma biyu, ya ce shi iyakar abin da hannunsa ya sani ke nan. Su ne har yau muke kira dawaki, don haka kada ki je Yamai ki ga doki ba tozo ki ce jabu ne.

Ba abokin wasa a garin, kowa dara ya sani. Sai in dawo daga ruga, in shimfiɗa tabarma, in buɗe littafin, in tura farare, in zagaya in tura baƙaƙe. Na haddace buɗewar Sifaniyawa, na haddace kariyar Faransawa, na haddace Sisiliyan, duk hanyoyin fara wasa ke nan, na riƙe su ta ka, kamar mai tilawa. Ban taɓa tambayar kaina don me aka fitar da doki kafin mahaukaci, kayan nan mai tafiya a karkace, ba. An rubuta, shi ke nan.

Rannan sai aka turo wani malamin makaranta, Muse Haruna, daga Damagaram zuwa lakwal ɗin garin, aka ce ya iya. Wallahi ranar da sabuwar riga na je. Na tura talakan gaban sarki, ɗaya daga ƙananan kayan sahun gaba, gida biyu, ya tura nasa. Na fitar da doki. Sai bawan Allahn nan ya kama wani talaka can bakin allo, wanda ba ruwansa da kowa, ya tura.

Na ce, “Muse, mai da kayanka, ba haka ake yi ba.”

Ya ce, “Doka ta hana?”

Na ce, “Doka ba ta hana ba, amma ba haka aka rubuta ba. Doki za ka fitar.”

Ya ce, “To Malam Isuhu, in kai za ka buga naka ka buga nawa, me na zauna yi? Ba gara in je in dafa shayina ba?”

Kin san abin da na yi? Na ci gaba da takun littafina kamar ya ba ni amsar da nake jira. Shi yana Kornaka yana wasa da ni, ni ina can ƙasar Nasara ina wasa da wani mamaci. Kafin shayi ya tafasa ya kwashe min kaya. Daga baya na tambaye shi sirrin wannan talakan, ya ce ba wani sirri, shi ne ya fi kusa da hannunsa.

Don haka in kina bin wasan gwanaye, a kowane taki ki rufe littafin da tafin hannu, ki ce da ni ce me zan yi, sannan ki buɗe ki ga inda kuka saɓa. Kada ki wuce taki sai kin san dalilinsa. Wanda za ki zauna gabansa bai karanta littafinki ba, in ma ya karanta, bai yi miki alkawarin zai bi ba. Allon da ke gabanki za ki duba.

Wauta ta biyu ta fi ta farko, kuma ita ce ta fi kusa da maganarmu. Su gwanayen nan, in ɗaya ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ba ya jira a kashe masa sarki. Sai ya miƙa hannu ya sallama. Saboda haka duk wasannin littafina a tsakiyar hanya suke tsayawa, a rubuta wane ya sallama, a ja layi. Ni kuwa sai na ɗauka haka ake gamawa: in ka fi mutum kaya, sai ya ji kunya ya tashi. Na yi shekaru ina wasa ban taɓa ganin yadda ake kashe sarki da rumbu ɗaya, kayan nan na kusurwa mai tafiya a miƙe, ba.

Allah Ya sa wata rana na ritsa Muse Haruna. Na share masa komai, ya rage daga shi sai sarkinsa, ni ina da sarki da rumbu. Na gyara hula, na naɗe hannu, ina jira. Bai tashi ba.

Na ce, “Muse, ai sai ka sallama.”

Ya ce, “In sallama wa? Kashe ni mana.”

Ke dai bari. Na bi sarkin nan da rumbu, in tare shi nan ya ɓulla can. Ban san sai na kawo nawa sarkin ya taya ni tarewa ba, na bar shi can gida yana hutawa, wai sarki ba ya farauta. Tun bayan azahar nake bin sa kamar mai bin bunsuru a kasuwa, har aka kira la'asar. Masu dara suka bar dararsu suka zo kallo. Wani tsoho ya ce, “Ɗan nan, in ba ka da wuƙa ne a aro maka.” Muse ya tashi ya yi alwala, ya ce kunnen doki, aka watse ana dariya.

To ki ji. Inda littafi ya ce an sallama, nan naki karatun ya fara. Ki bar kayan yadda suke, ki ƙarasa wasan da kanki har ki ga sarki ya faɗi. Kama akuya daban, yankawa daban, kuma ba a shan romon akuyar da ke tsaye.

Yanzu ga ta Maraɗi. Sau ɗaya tak na taɓa shiga gasa, lokacin kina goye. Ba wanda ya gaya min cewa a can eshek ba kamar dara ba ce. A gindin bishiyarmu in mutum ya ci kaya sai ya buga shi da ƙarfi, ya yi kirari, ƴan kallo su sa baki, in ka yi kuskure ka ce hannu ne ya zame ka mai da. Na shiga wani babban ɗaki, tebura a jere, tsit kamar gidan makoki. Aka ajiye mana agogo mai fuska biyu, aka danna, nawa ne ke tafiya. Ni kuwa ɗan mutunci, ina zan fara wasa da mutum ban gaishe shi ba? Na ce ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa a wajenku, gero ya yi kai? Mutumin yana nuna min agogo da haɓa, ni na ɗauka cewa yake in yaba, na ce ma sha Allahu, agogo ya yi kyau. Da alƙalin wasa ya zo ya ce in yi shiru, na gaishe shi shi ma.

Da aka fara kuma, na taɓa mahaukaci, na fasa, na kama doki. Aka ce a'a, abin da ka taɓa shi za ka tafi da shi. Na ce ni ƙura na share masa. Aka ce ai ba ka faɗa ba kafin ka taɓa. Wannan wasan dai agogo ne ya kayar da ni, ba mutum ba. Don haka ki gaisa kafin a danna, ki taƙaita. Hannunki kuma ki zauna a kansa in ya cika rawa. Ki gama tunani sannan ki miƙa shi.

Amma ba wannan ne ke ci min rai ba. Washegari na gyara, na kayar da mutum biyu, har aka fara tambayar wane ne wannan na Dakoro. Sai aka haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, gemu fari fat, sa'an ubana. Ya buɗe da talakan gaban sarki, na ba shi Sisiliyan, wannan karon da dalilina. Allah Ya ba ni sa'a na shiga masa gida. Sarauniyata na bakin ƙofar sarkinsa, saura in kawo doki in rufe. Na ɗaga kai. Sai na ga ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Zuciyata ta ce, Isuhu, uban wasu ne fa, a gaban jama'a? Sai na janye sarauniya baya, na ce, “Baba, ko mu yi kunnen doki?”

Ya mai da tabarau, ya dubi allo, ya dube ni.

Ya ce, “Ka ga dokin?”

Na ce, “Na gani, Baba.”

Ya ce, “Ka gani ka ƙi? To sadaka ka ba ni ke nan. Na yi maka kama da mai bara? Na baro gidana, na hau mota da ciwon baya don in yi wasa da maza, kai kuma ka zo kana min jinya. Ban karɓa ba. Buga.”

Kunyar da na guda ita ce ta rufe ni, dara ta ci gida. Daga nan hannuna bai sake daidai ba, tsohon nan ya bi ni a hankali ya kashe min sarki. Da muka tashi ko hannu da ƙyar ya ba ni. Na yi baƙin ciki ƙwarai, ba don faɗuwar ba. Na je girmama mutum ne na ɓuge da raina shi.

Da na dawo gida na ce na koyi darasi. Ashe darasin ma haddace shi na yi.

Kin san na koya wa ƙannenki wasan nan, na koya wa ƴaƴan maƙwabta, har mai kawo mana ruwa na so in koya wa ya gudu. Ke kaɗai ban zaunar ba, don eshek sai an fuskanci juna, ni kuwa ina zan sa idona? Na aje aiki, na dawo Dakoro, allo na zaure, ina bin tsofaffin wasannina ni kaɗai. Wata safiya na tura talakan gaban sarki, aka kira ni duba wata saniya, na fita. Na dawo na tarar an ba ni amsa: talakan gaban mahaukaci ya yi gaba gida biyu. Na tara ƙannenki, kowa ya rantse. Na ce to akuya ce. Na sake takawa na fita, na dawo, an sake amsawa, kuma daidai. Na ce wa uwarki, “Akuya ba ta san Sisiliyan ba. Zauren nan akwai mutanen ɓoye.” Har turare na sa, har rubutu na sha. Uwarki tana tankaɗe tana dariya har gari ya shiga mata hanci. Ta ce, “Malam, aljanin naka yanzu na aike shi markaɗe.”

Na fita wajen tumaki na yi ta gyara igiyar da ba abin da ya same ta, don kada a ga fuskata. Daɗin da na ji ranar, ko ranar da aka ɗauke ni aiki ban ji shi ba. Ashe duk lokacin da nake faman cusa wa ƙannenki abu yana fita ta ɗaya kunnen, kina bayan zana kina kwashewa.

Tun daga ranar muke wasanmu. In taka in fita, ki shigo ki taka ki fita. Ba mu taɓa haɗuwa a kan allon ba, ba mu taɓa ambatonsa ba. In na ji takunki sai in yi gyaran murya in bi ta ƙofar waje. Kuma kullum ni ke cin wasa. Na riƙa zuwa majalisa ina cewa yarinyar nan tana ƙoƙari, amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sai dai mai hali ba ya barin halinsa. Ni mutum ne mai maimaita wasa. Bara da damina, ruwa ya hana ni fita, na ce bari in bi wasanninmu daga ka, yadda nake bin na gwanaye, in ga inda nake yi miki fintinkau. Na jera na farko. Kin fi ni tun daga buɗewa, kin matse ni, kin kai bakin ƙofar sarkina, sai kuma ga dokinki ya faɗa inda talakana zai ɗauke shi a banza. Na ce kuskure ne. Na jera na biyu. Nan kuma rumbu kika ajiye min a baki. Na uku, sarauniya sukutum. Kullum a wuri ɗaya, daidai lokacin da ya kamata a zaro wuƙa. Subhanallahi! Wanda ya iya kai ni nan ba ya irin wannan makanta. Ashe ni ne dattijon gidan waya, ana min jinya a zaurena, ina zuwa majalisa ina kirari.

Shi dattijon ya fi ni, shi ya ƙi karɓa nan take. Ni na gane tun bara na yi shiru, don cin wasa da daɗi ko na sadaka ne. To wannan ce babbar wautar, don kowane wasan da na karɓa ya ƙara koya wa hannunki janyewa. Yanzu ga shi za ki Yamai da wannan hannun.

Ki saurare ni da kyau. Kunya ado ce, ban ce ki zubar da ita a tasha ba. Ki gai da manya, ki rusuna, ki ba su wurin zama, in sun yi magana ki saurara. Amma in an danna agogo, wanda ke gabanki ba ubanki ba ne, ba kakanki ba ne, mai baƙaƙe ne ko mai farare. Ya zo ne a gwada shi. Girman da za ki ba shi shi ne ki fito masa da duk abin da Allah Ya ba ki. In ya faɗi, ki miƙe ki gaishe shi da hannu biyu, ki ce Baba a yi haƙuri. Bayan an gama fa, ba kafin ba.

Na san ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni tawa gorar yau ta samu. Kin san yadda allo yake a zaure yanzu. Sarkina yana kusurwa, talakawansa uku sun toshe masa gaba, layin baya ba mai gadi. Rumbunki in ya sauka can, magana ta ƙare. Kada ki ce ba ki gani ba. Da gangan na bar ƙofar a buɗe in ga abin da za ki yi. Ni ina kai raƙumi ina komo da shi, ke kina ta tura talakawan gefe ɗaya bayan ɗaya, kamar Muse Haruna ya haife ki. Talakawan ma sun kusa ƙarewa, ban san me za ki tura jibi ba, ko tabarmar.

To ga hukuncina. Balisarki ta kayan tafiya tana ɗakina, na sa kwaɗo, makulli yana aljihuna. Uwarki ta yi magana, na ce ba ruwanta. Gobe da safe, kafin ku tafi tasha, ki shigo zaure. Za ki tarar da ni zaune a gefen farare. Ba zan yi gyaran murya ba, ba zan tuna da tumaki ba. Ki zauna gabana. In kin ga ina kallon ƙasa, ki ƙyale ni, wannan matsalata ce. Ki ɗauki rumbunki ki sauke shi inda kika sani, ki faɗi kalmar da bakinki yadda zan ji, yadda uwarki ma za ta ji daga madafa. Sannan in ba ki makulli. In kuwa kika sake tura min talaka, wallahi mota ta tafi ta bar ki, ki zauna mu ci gaba da yi wa juna ƙarya har tsufa ya ƙarasa ni.

Ban taɓa gaya miki komai ba, yau ma ba zan iya da yawa ba. Na fi son in faɗi a hannunki sau ɗaya da gaske, da in yi ta cin wasa har mutuwa. In kin iya kayar da ni ina zaune ina kallo, ba gemun da zai tsorata ki a Yamai.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ko ana tsakiyar gasa ki san yadda za ki yi. Ki riƙa kiran uwarki a salula, in ya so ni in ji daga bakinta. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa ki sauka lafiya, Ya haɗa ki da abokan zama na ƙwarai. Allah Ya buɗe miki karatu, Ya tsare ki gaba da baya, Ya maido mana da ke cikin aminci. Allah Ya yi miki albarka. Amin summa amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki, Isuhu mai allura, wanda za a kashe wa sarki gobe da safe in Allah Ya kai mu.